Farar laimar kwaɗi mai koren iri: danginta, kamanninta da dalilin da ba a cin ta

Wata shugabar makarantar firamare da ke Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, ta aiko da tambaya haɗe da hotuna: "Malam, tun da ruwan Agusta ya kankama wasu manya-manyan fararen laimar kwaɗi ke fitowa a filin wasan yaranmu, sun yi kewaye. Maigadinmu ya ce irin na suri ne da ake miya da su a garinsu, har yana neman izinin ya riƙa tsinka. Na birkice wata babba na ga ƙarƙashinta ya yi kore-kore, amma na ƙananan fari ne fat. Wace iri ce wannan, kuma ana ci?"

Malama, kada ki ba shi izinin nan, kuma a ja wa yara kunne tun gobe a taron safe. Babbar farar laimar kwaɗi mai ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a saman hula, mai zobe a wuya, wadda ta fito a kan ciyawar fili ta yi da'ira, sannan ƙarƙashinta ya juya kore bayan ta girma, ita ce masana ke kira Chlorophyllum molybdites. Guba gare ta. A Amurka, inda ake ajiye lissafin irin waɗannan abubuwa, babu laimar kwaɗin da ta kai ta yawan kwantar da mutane. Ba ta fi sauran ƙarfin guba ba, akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ta yi suna shi ne girmanta da kyan ganinta, ga shi ba ta wari, kuma ba sai an shiga daji ba, har ƙofar gida take zuwa.

Tunda kin tambayi ko wace iri ce, sai mu faro daga sama. Laimar kwaɗi ba tsiro ba ce, ko da yake daga ƙasa take fitowa. Ba ta da ganye, ba ta haɗa abincinta da hasken rana. Abin da ya mutu ya fara ruɓewa take narkarwa ta tsotse. Bangon ƙwayoyin jikinta ma ba irin na itace ba ne, an gina shi da sinadarin kaitin, wanda shi ne a ɓawon fara da kyankyaso. Masanan farko, har da Linnaeus, cikin tsirrai suka cusa ta. Tsarin dauloli biyar da Robert Whittaker ya fitar a 1969 ne ya tabbatar mata da daularta ta kanta mai suna Fungi, kuma binciken ƙwayoyin gado ya zo ya nuna cewa wannan daula ta fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. 'Yan gidan duk kin san su, sai dai ba a saba haɗa su wuri ɗaya ba: funfunar da ke kama burodi ko tuwon da ya kwana biyu, yis ɗin da ke kumbura fanke, makeron da ke cin kan yara, da burtuntunar da ke ɓata zangarniyar dawa. An raɗa wa kimanin iri 150,000 suna zuwa yanzu, waɗanda ba a kai gare su ba kuwa sun ninka haka sau da yawa.

A cikin daular, tamu tana reshen Basidiomycota, wato masu ɗora ƙwayoyin irinsu a kan wani ɗan mitsitsin gabo mai kumburarren kai da ake kira basidiya, galibi ƙwaya huɗu a kan kowane ɗaya. Burtuntuna 'yar wannan reshe ce, makero da yis kuwa na wani reshen ne daban. Daga nan sai rukunin Agaricales, inda mafi yawan masu fallaye a ƙarƙashin hula suke. Fallayen nan da kika gani da kika birkice ta, waɗanda suka taso daga tsakiya suka nufi baki, su ne ma'aikatar iri. Gefe biyu na kowane falle shimfiɗe yake da basidiya, kowace tana harba ƙwayarta ɗan taƙi zuwa cikin ratar da ke tsakanin falle da falle, ƙwayar ta sulalo ƙasa, iska ta ɗauke ta. Shi ya sa kara ke ɗaga hular sama da ciyawa, shi ya sa kuma hular ke daidaita kanta ko da karan ya fito a karkace, don in fallayen suka kwanta irin zai maƙale bai fita ba. Ƙwaya ɗaya tsawonta bai wuce kimanin maikuromita 10 ba, sai an jera ɗari kafin su cika milimita guda, amma babbar hula ɗaya tana zubar da biliyoyi kafin ta ruɓe.

Gidanta na kusa shi ne Agaricaceae. A nan ne nake so ki lura, domin a gidan nan ɗaya ake samun Agaricus bisporus, farin naman kaza (wato laimar kwaɗin da ake ci) da ake nomawa ana sa wa a gwangwani, da Macrolepiota procera da Turawa ke tsinka suna soyawa, da kuma wasu ƙananan Lepiota masu gubar da ke kashe hanta. Saboda haka a ce wannan 'yar uwar wadda ake ci ce bai wanke ta ba ko kaɗan.

Tarihin sunanta ma ya nuna yadda ta daɗe tana rikita mutane, har da masu ilimin. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Georg Meyer, shi ya fara bayyana ta a 1818 daga yankin Essequibo, a ƙasar Guyana ta yanzu a Kudancin Amurka, ya sa ta cikin Agaricus. A 1879 Charles Peck ya same ta a Amurka ya ɗauka sabuwa ce, ya ba ta wani sunan, Agaricus morganii. An kai ta cikin Lepiota ta zauna. George Massee na lambun Kew a Ingila ne ya kafa jinsin Chlorophyllum a 1898 saboda koren irin. Shekaru da yawa ana ganin launin iri ne iyakar jinsin, sai a 2002 Else Vellinga ta bi sakamakon binciken ƙwayoyin gado ta kwaso wasu masu farin iri daga Macrolepiota ta shigo da su Chlorophyllum, cikinsu har da Chlorophyllum rhacodes da ake ci a Turai. A 2018 kuma aka ƙara sababbi biyu daga Afirka ta Kudu, africanum da palaeotropicum. A aikace, duk babbar laimar kwaɗin da irinta ya fito kore a nan wajenmu, a bar ta, ko wane suna aka ƙare da ba ta a ɗakin bincike.

Batun da'irar kuwa, na san za ki ji wasu na cewa wurin taron aljanu ne. Turawa ma haka kakanninsu suka ce. Bayanin yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke fitowa sama ba shi ne jikin halittar ba, matsayinsa matsayin ɗan mangwaro ne a jikin bishiya, sai dai ita wannan bishiyar a binne take. In kika sa aka kafta ƙasar wurin da fartanya za ki ga wani farin zare siriri ya cakuɗe da matattun saiwoyi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan zare shi ne ainihin halittar. Daga wuri ɗaya ya faro, yana ci yana faɗaɗa ta kowace fuska, tsakiya ta ƙare da abinci ta mutu, bakin gaba ne ke da rai, a nan kuma 'ya'yan ke fitowa. Kowace shekara da'irar na ƙara buɗewa. Sau da yawa ciyawar da ke kan zoben ta fi ta kewaye duhun kore, domin zaren yana sakin sinadaran taki yayin da yake narkar da abincinsa. Fitowar dare ɗaya ma ba abin mamaki ba ce: ɗan ƙullutun ya riga ya haɗu a cikin ƙasa da dukan sassansa, ruwa kawai yake jira ya sha ya kumbura. Shi ya sa a Bauchi da Gombe aka fi ganinta daga Yuli zuwa Satumba, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, musamman a filin da aka zuba takin shanu ko garin katako, ko inda aka sare bishiya aka bar saiwarta.

Yanzu ki sa a tono miki guda uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, da wuƙa ko ƙaramar fartanya, har gindi. Kada a fizge, don gindin na cikin shaidun. Taɓa ta ba ya cutarwa, a dai wanke hannu bayan an gama. Ƙaramar za ki ga hularta a dunƙule take, mai siffar ƙwai, da fata ruwan ƙasa ta rufe ta. Da ta fara buɗewa fatar ba ta iya miƙewa tare da tsokar, sai ta tsattsage. Abin da ya rage a tsakiya ya zama tabo ɗaya mai santsi, sauran ya warwatse ya zama ɓawo-ɓawo a kan farin jiki, suna raguwa yayin da aka nufi baki. Babbar kan buɗe ta baje, faɗinta daga santimita 10 har zuwa 30. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke ɓawon, ta koma kusan fara tas, don haka rashinsa ba hujja ba ne.

Ki duba inda fallayen suka nufi kara. Ba su taɓa shi ba, akwai 'yar rata zagaye da shi, kuma in kika murɗa karan a hankali zai ɓalle daga hular tsaf ba tare da ya yage su ba. Fallayen a matse suke, da gajeru a tsakanin dogaye. Karan fari ne ko ya ɗan yi ruwan ƙasa, sumul, babu zane a jikinsa, cikinsa da rami in ta girma, gindinsa ya ɗan kumbura amma ba ya cikin wata jaka, kuma a nan ya tsaya, bai zarce ƙasa ba. Zoben wuyan ragowar mayafin da ya rufe fallayen ne tun tana ƙarama. Yana da kauri, bakinsa biyu ne, kuma a babbar yakan saki har ki iya zame shi sama da ƙasa da yatsa. In kika yanka tsokar fara ce, wani lokaci ta ɗan juya ja-ja ko ruwan ƙasa a hankali, musamman a kara.

Duk waɗannan siffofi akwai wasu da ake ci masu irinsu. Abin da ya raba gardama shi ne launin iri, kuma a nan tarkon yake. Kin ce na ƙananan fari ne fat. Haka ne, domin tsokar fallen ba kore ba ce, irin da ke nuna a kansa ne ke rina shi. Kafin irin ya nuna, fallen fari ne. Mai tsinka kuwa ba ya son tsohuwa, matashiya yake nema mai ƙarfin tsoka, wato daidai lokacin da alamar ba ta bayyana ba. Mafi yawan waɗanda ta kwantar, fara fat suka ci. Koren ma in ya zo ba kore shar ba ne irin na ganye, wani kore ne mai toka-toka, wanda in hasken bai isa ba mutum zai ce datti ne.

Hanyar tabbatarwa ba ta bukatar kuɗi. A zaɓi babba wadda ta buɗe amma ba ta fara ruɓewa ba, a yanke karan daf da hula, a kifa hular a kan farar takarda, fallaye suna ƙasa. A ɗiga ruwa kaɗan a samanta, a rufe da kwano don kada iska ta kwashe irin, a bar ta ta kwana. Da safe in an ɗaga za a ga zanen fallayen ya fito a kan takardar da garin iri. In kore ne mai toka-toka, magana ta ƙare. Ya fi kyau a sa rabin hular a kan farar takarda rabi a kan baƙa, don farin iri ba ya nunawa a kan fara, sai mutum ya zaci babu abin da ya zuba. Wannan dabara tsohuwa ce, da launin iri Elias Fries na ƙasar Suwidin ya kasa masu fallaye tun 1821, kuma har yau da ita muke fara koya wa ɗalibai kafin su taɓa madubin ɗakin bincike. Malamin kimiyyarku zai iya yi ya nuna wa 'yan aji biyar da shida takardar. Yaron da ya ga koren zanen da idonsa ya fi wanda aka yi wa tsawa kawai kiyayewa.

Shi kuwa maigadi, kada a ɗauke shi maƙaryaci. Abin da yake nufi gaskiya ne akwai shi, kuma yana cikin mafi daɗin naman kaza a Afirka. Sunan jinsin Termitomyces, wanda Roger Heim na Faransa ya kafa a 1942, kuma ba ma gida ɗaya suke da tamu ba, su 'yan Lyophyllaceae ne. Gara ce ke noma su. A can cikin suri tana gina wani abu mai huda-huda da ciyawa da itacen da ta tauna, zaren halittar ya bi shi ya narkar, gara ta ci. Da damina sai ya turo ɗa daga can ƙasa, ya huda ƙasar ya fito. Wannan tafiya ta bar masa alamu biyu. Ta farko doguwar jijiya da ta zarce daga gindin kara ta nutse har zuwa gidan gara, wadda mai haƙuri zai yi ta tono yana bin ta. Ta biyu, a yawancinsu, wani tsini mai tauri a tsakiyar hula, wanda da shi ya huda ƙasar. Irinsu kuma ba kore ba ne, yana tsakanin ruwan madara da ruwan hoda. Cikinsu akwai Termitomyces titanicus da aka bayyana daga Zambiya a 1980, mai hular da kan kai mita guda, akwai kuma Termitomyces schimperi, fara, babba, mai ɓawo-ɓawo, wadda daga nesa ba wanda zai ga laifin mai haɗa ta da ta filinku.

Ilimin mutanen karkara a kan naman kaza ilimi ne na gaske, sai dai a ɗaure yake da wuri. Mutum ya san surin da ke bayan gonarsu, ya san watan da yake fitarwa, ya ga uwarsa ta tsinka tun yana yaro. Da ya zo birni sai ya zama ba surin, ba gonar, siffa kawai ta rage masa, siffar kuwa ita ce ke yaudara. Wuri kaɗai ma ba ya isa hujja: wasu garar a ƙarƙashin ƙasa suke gini ba tare da tudu ba, kuma wata laimar kwaɗin daban na iya fitowa a gefen suri don ta sami danshi. Ki ba shi wuƙa ya tona da hannunsa. In ya ga gindin ya ƙare a cikin saiwar ciyawa, babu jijiya, shi da kansa zai gaya miki ba ita ba ce.

Sauran masu kama da ita a taƙaice: Macrolepiota irinta fari ne, kuma procera tana da zane-zane a jikin kara. Agaricus fallayenta kan tashi daga ruwan hoda su koma ruwan ƙasa mai duhu. Volvariella ba ta da zobe, gindinta na cikin jaka, irinta ruwan hoda. Wadda za a fi tsoro ita ce mai farin falle da farin iri da zobe, sannan gindinta na zaune cikin jaka, domin siffar Amanita ke nan, jinsin da ya fi kowane kisa a duniya. Wanda ya fizge bai tona ba, jakar a ƙasa zai bar ta.

Gubar Chlorophyllum molybdites ciki da hanji take kamawa. A 2012 masu bincike a Japan suka ware wani furotin daga jikinta, suka sa masa suna molybdophyllysin, mai aikin yayyanka wasu furotin. Alamun kan fara tsakanin awa ɗaya zuwa uku bayan ci: tashin zuciya, amai ba ƙaƙƙautawa, murɗar ciki, zawo kamar ruwa, wani lokaci da jini, da zufa da sanyin jiki. Babba mai lafiya yakan farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, a galabaice. Ba kasafai take kisa ba, amma ƙaramin yaro ko tsoho ko mai wata cutar, ƙarewar ruwan jiki kaɗai na iya kai shi ga halaka, kamar yadda muka sani a lokacin amai da gudawa. Ɗanya ta fi tsanani, kuma yara ɗanya suke kai wa baki. Zafi yana rage ƙarfin gubar, amma ba ya kawar da ita yadda za a dogara, mutane da yawa dafaffiya suka ci suka kwanta.

Wani abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne ba kowa take kamawa daidai ba. An sha samun waɗanda suka ci tare, wani ya kwana a asibiti wani ko gezau. Saboda haka in wani ya rantse miki ya taɓa ci bai ji komai ba, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma hakan bai ce komai ba game da ɗan shekara shida. Gwaje-gwajen da ake yi a gida kuwa ba ɗaya da ke aiki. Jefa zoben azurfa ko cokali a tukunya a ga ko zai yi baƙi, sa albasa ko tafarnuwa a ga ko za ta sauya launi, cewa tsutsa ta ci ko akuya ta ci, ɗanɗanawa a ji ko da ɗaci, zubar da ruwan farko, duk babu ruwansu da gubar. Dodon koɗi na cin Amanita phalloides ya wuce abinsa, mutum ya ci hula ɗaya ya rasa hantarsa. Na ƙara da na zamani, manhajar waya da ake ɗaukar hoto ta faɗi suna. Hoton saman hula take gani, ba ta ga gindi ba, ba ta ga iri ba. Yanzu da ake ta yaɗa amfanin naman kaza a Facebook da TikTok, mutanen da gidajensu ba su taɓa ci ba sun fara sha'awa, kuma su ne na fi ji wa tsoro. Mai son ci ya sayi wanda aka noma.

In har ta faru wani yaro ya ci, a cire abin da ya rage a bakinsa, a rubuta lokacin, a kira iyayensa, a nufi asibiti ba tare da jiran alamu ba. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro. Manjan ba ya kashe guba, kuma yaron da ke amai yana iya shaƙarsa ya tafi huhu. Kada a ba shi maganin tsayar da zawo. In aman ya fara kafin a isa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, na ƙunshi in akwai, in babu a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tafi da samfurin abin da ya ci, cikakke har gindi, a naɗe a takarda. Leda tana sa shi ya yi gumi ya narke kafin a isa.

Lokacin da na ce a rubuta shi ne abin da likita zai fi bukata. Aman da ya zo da wuri, cikin awa uku, ya fi nuni ga masu kama ciki irin wannan. Wanda ya jinkirta awa 6 zuwa 24 shi ne mai ban tsoro, domin haka gubar amatoksin ta Amanita da ƙananan Lepiota take yi: amai da zawo su zo a makare, su lafa a rana ta biyu har a ce an warke, alhali hanta na lalacewa, sai a rana ta uku ko ta huɗu idanu su yi ɗorawa. Kuma zuwan amai da wuri bai kore wannan ba in an haɗa iri biyu a tukunya ɗaya. Don haka ko yaro ya warware, in ba a tabbatar da abin da ya ci ba, iyaye su nemi a duba jininsa don lafiyar hanta, a asibitin koyarwa ko na ƙwararru in ƙaramin asibitin ba shi da kayan gwajin.

Game da filin, ba na ba ki shawarar feshi. Maganin ba ya kai wa ga zaren da ke cikin ƙasa, kuɗi ne za su tafi, sannan ki bar yara suna birgima a kan sinadari. Abin da ke aiki shi ne wani babba ya zagaya filin da sassafe kafin yara su iso, musamman kwana biyun da ke bin ruwa, ya tsince duk wadda ta fito har da 'yan ƙullutun da ba su buɗe ba, a ƙulle a kai shara ko a binne a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, don karnuka ma tana kwantar da su. A kwashe tarin yankakkiyar ciyawa maimakon a bar ta ta ruɓe a wurin, a tone tsohon kututture in akwai, a dakata da zuba ɗanyen taki a ɓangaren. Ciyawar ba abin da zai same ta. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba za su daina fitowa, amma zaren na nan da ransa duk tsawon rani, don haka a sa zagayen safen cikin aikin damina mai zuwa tun daga Yuni, kuma a duba ɗan gaba da inda da'irar ta tsaya bana.